Kalmar Jinya da Mata Masu Ciwon Dajin Nono

Akwai wata kalma da muke furtawa kullum a Hausa ba tare da mun tsaya mun dube ta da kyau ba, watau jinya, wadda wasu kan ce jiyya. In aka ce wance tana jinya, mai sauraro ba zai gane ko ita ce a kwance ba, ko kuwa ita ce zaune a bakin tabarma tana yi wa wani fifita, sai fa an ƙara masa bayani. Haka nan kalmar majinyaciya, ana kiran mara lafiya da ita, ana kuma kiran mai kula da mara lafiyar. A darasin ilimin ma'ana malamanmu kan sa irin wannan a babin harshen damo. To, amma ni a ganina ba rashin kalma ne ya sa Bahaushe ya haɗa mutum biyu a suna guda ba. Ya lura ne cewa ciwo in ya shiga gida ba mutum ɗaya yake kayarwa ba, kuma abin da mara lafiya yake bukata ya wuce a ba shi magani. Jinya ta ƙunshi dama masa kunu, da wanke masa tufafi, da yi masa hira in dare ya yi tsawo, da tuna masa lokacin salla, da kore masa ƙuda, da kore masa zullumi.

Abin da nake so in yi a wannan 'yar maƙala shi ne in auna wannan kalma a kan ciwo guda ɗaya, watau ciwon dajin nono, wanda ake kuma kira sankarar mama ko kansar nono. Ni ba ɗalibar likitanci ba ce, ɗalibar Hausa ce. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne na yi wata 11 ina jinyar ƙanwar mahaifina a tsakanin gida da asibiti, kuma tun daga lokacin na shiga karanta duk abin da hannuna ya kai gare shi game da wannan ciwo.

Bari in fara da adadi, don kada mai karatu ya ɗauka labarin gida ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an gano wannan ciwo a jikin mata miliyan 2.3 a duniya, kuma ya kashe kimanin 670,000. A Nijeriya kaɗai ƙiyasin wannan shekarar ya haura sababbin kamu 32,000, waɗanda suka rasu kuwa sun haura 16,000. Babu wata sankara da ta kai ta yawa a cikin matan ƙasar nan. A ƙasashe masu arziki fiye da mata 90 cikin 100 suna raye shekara 5 bayan an gano ciwon, a Indiya wajen 66, a Afirka ta Kudu wajen 40. Ciwon guda ne, babban abin da ya bambanta shi ne lokacin da mace ta isa gaban likita, da kuma ko ta iya jure maganin har ƙarshe. Don haka ne a 2021 hukumar ta ɗora wa ƙasashe buri uku: a riƙa gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na ciwon tun yana mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60, kuma kashi 80 cikin 100 na masu ciwon su gama maganinsu ba tare da sun yanke ba. Duk wanda ya dubi burin farko da na uku zai ga cewa ba a ɗakin tiyata ake cim musu ba. A tsakar gida ake cim musu, a wajen miji da uwa da abokiyar zama da malamin unguwa.

Matsalar farko tana cikin sunan ciwon kansa. Tun kafin asibiti ya zo ƙasar Hausa akwai ciwon da ake kira daji, kuma ba sankara kaɗai ake nufi da shi ba. Kumburi mai taurin kai, da gyambon da ya ƙi warkewa, da wasu ƙuraje masu cin fata, duk ana iya jefa su a wannan buhu, bisa ga zaton cewa daga dawa suka fito, inda iskoki suke. Tare da sunan kuma aka gado wata doka da kowace tsohuwa ta haddace, wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, in aka taɓa shi sai ya fusata. To, ga shi kuwa likita ba shi da hanyar tabbatar da cewa ƙullutu sankara ne sai ya sa allura ya ɗebo ɗan nama an duba. Ke nan matakin farko na asibiti shi ne ainihin abin da aka yi wa mace kashedi a kansa tun tana yarinya. Yadda wannan camfi yake ciyar da kansa kuwa abin tausayi ne. Mace ta ƙi asibiti don tsoron ƙarfe har ciwon ya ci ya cinye, sa'an nan a kwashe ta a kai ta, a yi mata allura, bayan 'yan makonni ta cika, sai 'yan zaman makoki su kaɗa kai su ce, ai dama an faɗa.

Matsala ta biyu ita ce inda ciwon ya zauna. Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa kunya da haƙuri a cikin ginshiƙan halin da Bahaushe yake yabo, kuma babu wanda ake ɗora wa waɗannan biyu kamar mace. Nono kuwa ba gaɓa ce kamar sauran gaɓoɓi ba. Kalma ɗaya ce take nufin gaɓar da abin da yake fita daga cikinta. Da shi ake auna kusancin zumunta, a ce wane da wane nono ɗaya suka sha. Shi yake haramta aure tsakanin yaran da ba su haɗa jini ba. Kuma ba abin da ɗa yake tsoro kamar a ce uwarsa ta ɗaga masa nono. Yaya za a yi macen da aka rene ta a kan ko sunan mijinta kada ta faɗa ta buɗe wannan wuri a gaban baƙon namiji, balle a ce mata za a yanke shi? Masu magana sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Mai wannan ciwo ita an haɗa mata duka biyun.

Gwaggo tana da shekara 46 sa'ad da ta ji ɗan ƙullutu kamar gurjiya a nononta na hagu. Ba ya ciwo, kuma wannan ne babban yaudararsa, domin yawanci ba ya ciwo da farko. Ta yi kusan wata 10 ba wanda ya sani. Wadda ta gano ita ce abokiyar zamanta, uwargida, wadda Gwaggo take kira Yaya. Ta lura ta daina daka, kuma ta koma yin wanka tun da duhu. Ta tsare ta a ɗaki har sai da ta nuna mata, ta kuma aika a kira mahaifina a ranar. Na kawo wannan ne don adabinmu, daga tatsuniya har littattafan soyayya, ya cika mayar da kishiya mayya, alhali wannan baiwar Allah ita ta riƙe 'ya'yan Gwaggo 5 har muka gama zirga-zirgarmu.

A asibitin da aka tura mu, likitan da ya karanta sakamako bai ji Hausa ba, kuma mutum fiye da 30 suna jiran sa a waje. Ya dubi mahaifina, ya dube ni, ya yi bayani da Turanci cikin abin da bai fi minti 5 ba, mai ciwon tana zaune tana kallon bakinsa kamar ana cinikin akuya a gabanta. Ba na zargin sa, shi ma aikin ya fi ƙarfinsa. Da muka fito sai Baba ya ce kada a faɗa mata sunan abin, a ce mata ƙari ne kawai za a cire. Wannan al'ada ce sananniya, kuma tausayi ne yake kawo ta. Da dare ya yi, muna kwance, sai ta kira ni a hankali ta ce, “'Yar nan, daji ne ko? Faɗa mini, ai jikina ne.” Na ce, “Shi ne, Gwaggo, amma likita ya ce bai kai ga ƙashi ko huhu ba, kuma ana yin maganinsa.” Ta yi shiru mai tsawo, sa'an nan ta ce, “To, yanzu na san abin da zan roƙa.” Tun daga wannan dare nake da ra'ayin cewa ɓoye wa babbar mace sunan ciwonta ba ya rage mata tsoro, sai dai ya bar ta ita kaɗai da shi, kowa yana yi mata murmushin da ta san na ƙarya ne.

Turawa ma sun daɗe kafin su gane wannan. Wata Baturiyar Ingila mai suna Cicely Saunders, wadda ta yi aikin nas, ta yi aikin jin daɗin jama'a, sa'an nan ta zama likita, ita ce a shekarun 1960 ta fito da batun ciwo na gaba ɗaya. Abin da take nufi shi ne zafin da mai sankara yake ji ya haɗa na jiki, da na zuci, da na zaman iyali da aljihu, da na ruhi, kuma kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi, ta yadda in an bar uku aka yi maganin ɗaya ba za a ga sauƙi ba. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan bisa wannan fahimta. Ta fara ne da waɗanda ajali ya matso musu, amma yau ana aiki da tunaninta tun daga ranar da aka gano ciwo. Da na karanta ta sai na ce a raina, ai wannan jinya ce take fassarawa. Sai dai akwai bambanci, kuma dole a faɗe shi. Ita ta zauna ta tsara abin, ta auna shi, ta koyar da shi. Mu kuwa mun gaje shi ne gado, da mai amfaninsa da mai cutarwarsa, ba mu tace ba.

A ɗauki jiki. Gwaggo ta sha ruwan kemo sau 6, mako uku-uku, kafin a yi mata aiki. Wannan magani yana kashe duk ƙwayar halitta mai saurin hayayyafa, shi ya sa ba ciwon kaɗai yake bugu ba, har da gashi, da fatar baki, da ƙwayoyin jinin da suke kare jiki. Gashinta ya zube cikin mako na uku. Bakinta ya yi miki har tuwo ya gagare ta, ƙanshin man gyaɗa yana sa ta amai. A nan ilimin tsofaffi ya yi rana, domin kunun gyaɗa mai ruwa, da fate-fate, da farfesu marar yaji, kaɗan-kaɗan sau da yawa, su suka riƙe ta. Amma a nan ne kuma al'ada ta kusa yi mana ɓarna. Daga kwana 7 zuwa 14 bayan kowane ruwa garkuwar jiki takan faɗi ƙasa warwas, murar da yaro zai yi wasa da ita tana iya kwantar da mai kemo, kuma zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni abu ne na gudu asibiti ko da tsakar dare. Mu kuwa dubiya a wurinmu hakki ne, addini ya yi umarni da ita, zumunci ya tilasta ta. Sai ka ga ɗaki ya cika da mata 15, da goyo, da tari, kowa sai ya miƙa hannu. Hana su shiga kuwa kamar zagi ne. Uwargida ce ta samo dabara, ta shimfiɗa tabarma a rumfa, 'yan dubiya su zauna can, Gwaggo ta amsa gaisuwa daga bakin ƙofa.

Bayan an cire nonon da kaluluwar hammata, sai wata wahala ta biyo baya wadda ba a cika ambata ba. Hannun wannan ɓangare yakan yi tauri, wani lokaci ya kumbura don hanyar ruwan jiki ta toshe, kuma kumburin yana iya zuwa ko bayan shekaru. Maganin taurin motsa jiki ne mai sauƙi, mace ta fuskanci bango ta riƙa hawa da yatsunta sama kamar tafiyar gizo-gizo, kullum tana ƙara tsawo. Wata nas ce ta koya mana a tsaye a baranda, ba don an sa ta ba. Jinyar gargajiya ta ce mara lafiya ya kwanta a yi masa kome, binciken likitoci kuwa ya nuna 'yar tafiya kullum tana rage gajiyar kemo fiye da kwanciya. Sa'an nan ga maganar gurbi. Nonon roba yana da tsada, kuma da zafi a ƙasarmu. Wata mata a ɗakin ce ta nuna wa Gwaggo yadda ake ɗinka 'yar jaka da yadi mai laushi a cusa auduga a sa a rigar mama. Ranar da ta fara sa ta, ta ɗaura zane, ta dubi madubi, ita ce ranar da ta fara yarda ta je suna a unguwa. Babu likitan da ya rubuta wannan 'yar jaka a kati.

Zuciya ita ce ta fi wuyar kaiwa, kuma a nan ma harshe ne ya tare hanya. Gaisuwar mara lafiya a Hausa tambaya ce da ta zo da amsarta. In aka ce yaya jiki, sai a ce da sauƙi. Na ji mace ta faɗi haka da safe, da la'asar aka rufe ta da zane. Amsa ce mai kyau, akwai godiya ga Allah a cikinta, akwai kyautata zato, amma ƙofa ce da take rufewa da kanta. Mai dubiya ya sauke nauyi, mara lafiya ta kare mutuncinta, ba wanda ya ji kome. Abin da na koya shi ne a bar gaisuwar ta wuce, a zauna, a yi shiru, sa'an nan a yi tambayar da ba ta da amsa a ajiye: kin yi barci jiya? Me kike tunani in kin farka? A nan ne za ka ji cewa ba mutuwa ce ta fi damun ta ba, auta ce da ba ta gama firamare ba, da kuma ko maigida zai sake ɗaga labulen ɗakinta.

Wannan tsoro na ƙarshe ba shaci-faɗi ba ne. Wasu likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun bi diddigin matan aure 81 da aka cire wa nono, suka buga sakamakon a 2010. Wata 6 bayan aiki, kusan kashi 68 cikin 100 sun ce suna jin ba su cika mata ba. Bayan shekara 3 kuwa, kashi 38 cikin 100 aurensu ya mutu ko sun rabu da mazajensu. Mai karatu ya tsaya a kan wannan adadi. Macen da ta san abin da ya sami maƙwabciyarta bayan aiki, in ta ƙi sa hannu a takardar tiyata, jahilci ne ko lissafi? Sau da yawa ana yi wa mata wa'azin su fito da wuri. Ni ban taɓa jin an hau mumbari an yi wa maza wa'azi a kan matar da ta dawo gida da nono ɗaya ba, alhali riƙon da miji zai yi mata yana cikin abin da yake sa ta yarda a yi mata magani tun farko. Mijin Gwaggo ba mai magana ba ne, bai taɓa ce mata kome game da aikin ba, amma duk ranar girkinta yana shiga ɗakinta ya ci abinci kamar yadda ya saba, ko da uwargida ce ta dafa.

A wasu wurare an gina wa wannan bukata gida. Wata mata mai suna Maggie Keswick Jencks, wadda wannan ciwo ya kashe a 1995, ta bar tsarin wani wuri kusa da asibiti inda mai sankara zai shiga ba tare da kati ba, ya zauna a teburin kicin, ya sha shayi, ya tambayi nas ko masanin halayya abin da ya kasa tambaya a gaban likita. An buɗe na farko a Edinbara a 1996. A nan gida, Betty Anyanwu-Akeredolu ta kafa ƙungiyar BRECAN a Ibadan a 1997 bayan ita kanta ta tsallake ciwon, ta fito fili tana faɗa a lokacin da ba a faɗa. Mu a inda muka yi jinya, namu gidan gindin wata bishiyar darbejiya ne, inda mata suke jiran layin gashi. Dole in ɗan ratse a nan, domin a rubuce kalmar tana ruɗarwa: gashin da kemo yake zubarwa daban, gashin da ake yi da na'ura mai haske daban, tsawon wasalin farko ne ya raba su. A gindin wannan bishiya na ga gaskiyar karin maganar nan, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wadda ta gama tana buɗe wa sabuwar zuwa tabonta ta gani. Ana musayar lambar waya, ana bashi, ana dariyar da ba a iya yi a gida. Ya kamata dai a faɗi iyakar abin. A 1989 wani bincike a Amurka ya nuna kamar irin wannan zama yana ƙara tsawon rai, amma wani mafi girma da aka yi a Kanada aka buga a 2001 bai sami haka ba. Abin da ya samu shi ne yana rage damuwa da jin zafi. Wannan ma ya isa dalili.

Sai ruhi. Tambayar da take zuwa da dare ita ce, me na yi? Kusa da ita kuma akwai wadda ta fi ta haɗari, wa ya yi mini? Ba a rasa mai raɗa wa Gwaggo cewa sammu ne, kuma ba sai na faɗi wadda ake nuna wa yatsa ba. Da ta karɓi wannan magana, da ta rasa mai riƙe mata 'ya'ya, ta kuma koma neman karya sihiri ciwo yana ci. Amma abin da ya fi damun ta, wanda ban zata ba, shi ne tsarki. Miki yana zubar ruwa, ga bandeji, ga hannu ba ya ɗaguwa, sai ta shiga kokwanton ko sallarta tana karɓuwa. Wata malamar Islamiyya ce ta zauna da ita ta yi mata bayanin shafa a kan bandeji, da taimama, da salla a zaune, da ajiye azumi a rama daga baya. Na ga kwanciyar hankali a fuskarta a ranar irin wadda ban gani ba ko ranar da aka sallame mu. Matan Kirista da muke ɗaki ɗaya su ma haka, in 'yan cocinsu suka zo suka yi musu addu'a sai ka ga sun ci abinci.

Haƙuri kuwa ana yi masa mummunar fassara. An mayar da shi cije baki, har mace ta kwana tana murƙususu ba ta kira nas ba, don kada a ce ta kasa ɗaukar ƙaddara. Alhali zafin sankara yana da magani. Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Nijeriya, ta nuna a Uganda tun daga 1993 cewa ana iya haɗa ruwan mofin mai araha a ba mara lafiya ya sha a gidansa. Neman sauƙin zafi ba ya rage ladan kowa.

A nan ne ya kamata in ja layi, domin kalmomin nan na jiki da zuciya da ruhi masu tallar magani a rediyo da Facebook sun iya su fiye da kowa. Addu'a, da tofi, da zuma, da hira, da abinci mai kyau, duk abokan tafiyar maganin asibiti ne. Ranar da aka ce su maye gurbinsa, an shiga wani babi. Masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun buga a 2018 cewa mata masu sankarar nono da suka bar maganin asibiti suka dogara ga wasu hanyoyi kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka fiye da sau 5. Na ga nonon da aka yi wa tsaga, aka shafa masa haɗin da ya ƙone fata, kafin a kawo mai shi. Ko jiƙon da ake ganin ba shi da illa, ya kamata likita ya san ana sha, don hanta ɗaya ce take tace shi da kemo. Duk da haka ba na raina dalilin da yake kai mata wurin mai magani. Shi yana jin Hausa, yana ba ta awa guda, yana kiran ta da sunanta, yana karɓar biya kaɗan-kaɗan, kuma ba ya cewa zai yanke kome. Ya ba ta jinya ba magani, asibiti ya ba ta magani ba jinya, ita kuwa duka biyun take bukata.

Kuɗi ba zan daɗe a kansu ba, kowa ya san labarin. Tumakin Gwaggo sun tafi, 'yan kunnenta na zinariya sun tafi, adashin matan gidan an kwashe mata sau biyu. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da asusun tallafa wa masu sankara a 2021, amma macen ƙauye da ba ta karatun boko sai ta sami mai cika mata takarda. Mata nawa na gani sun sha ruwa na uku ba su dawo na huɗu ba. Ita ma mai jinyar, wadda harshe ya haɗa ta suna da mara lafiya, tana kwana a kan kwali a baranda, ta bar makaranta ko sana'a ko goyo, kuma ba mai ce mata yaya jiki.

Gwaggo yanzu tana shekara ta uku a kan ƙwayar tamoksifen, wadda ake sha kullum aƙalla shekara 5 ga waɗanda sinadarin jikin mace yake ciyar da ciwonsu. Ta koma sana'arta ta ƙuli-ƙuli, sai dai 'yarta ce take matsar man.

Akwai aikin da ya rage, kuma ina ganin na sashenmu ne. A zaman da na yi na zama tafinta ba shiri, na kuma tarar cewa kalmomin da muke ƙirƙira a aji ba su ne suke yawo a gindin darbejiya ba. In likita ya ce ciwo ya kai mataki na uku, me za ka ce wa tsohuwa? In ya ce ya bazu, ko ya ce magani zai riƙe shi amma ba zai kashe shi ba, wace jimla ce za ta faɗi gaskiya ba ta kashe mai ji ba? Matan sun riga mu. Ɗaya daga cikin magungunan kemo ja ne, har fitsari yake rinawa, sai suka sa masa suna jan ruwa. Ƙullutun kuwa baƙo suke ce masa, a ce baƙon ya tafi, ko baƙon ya aiko ɗansa hammata. Wadda aka yi wa aiki tana cewa an sauke mini, ba ta cewa an yanke. Na cika rabin littafin rubutu da irin waɗannan, kuma daga asibiti ɗaya ne kawai. Na Sakkwato da na Katsina da na Damagaram suna can suna jiran mai ɗauka, kuma nas ɗin da ta koya mana hawan bango ta ce in an buga tana son kwafi biyu, ɗaya nata, ɗaya na likitan da ba ya jin Hausa.